Yaya aka yi mabaraci ya kori Mongolawa daga ƙasar Sin?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. Zhu Yuanzhang ɗan manomi ne, fari da annoba suka kwashe iyayensa a 1344, ya fake a gidan ibadar Buddha, har bara ya yi. Amma a 1368 shi ne ya kafa daular Ming. Abin da ya ɗaure mini kai: akwai 'yan tawayen da suka fi shi jirage da dukiya. Ta ina ya ɓullo musu? Kuma me ya sa ake cewa mulkinsa ya sha jini?

Mai Nazarin Yaƙe-yaƙe:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daular Yuan ta Mongolawa ta riga ta ruɓe. A 1351 ta tilasta wa mutum 150,000 aikin gyaran Rawayen Kogi, ga kuɗin takarda sun zube, sai tawayen masu jan rawani ya ɓarke. Zhu ya shiga rundunar wani jagoran 'yan tawayen, Guo Zixing, a 1352, ya auri 'yar riƙonsa, ya ci Nanjing a 1356.

Daga nan ya bi shawarar masani Zhu Sheng: ya ɗaga ganuwa, ya tara hatsi, kada ya yi gaggawar kiran kansa sarki. Sojojinsa ma noma suke yi.

Ka lura, yaƙinsa mafi tsanani da Sinawa ya yi shi. A tafkin Poyang a 1363, abokin hamayyarsa Chen Youliang ya ɗaure manyan jiragensa da juna. Zhu ya cika ƙananan kwale-kwale da busasshiyar ciyawa da albarushi, ya jira iska ta juya, ya cinna wuta ya sake su. Jirgin da aka ɗaure ba shi da hanyar gudu. Kibiya ce ta kashe Chen daga baya. Suzhou, birnin wani abokin hamayyar, ta faɗi a 1367, sannan janar ɗin Zhu, Xu Da, ya nufi arewa, sarkin Yuan Toghon Temur ya tsere daga Dadu, wato Beijing ta yau.

Malamin Makaranta:
Malam ya yi bayani, bari in ɗauki tambaya ta biyu. Zhu, mutumin da ya ga yadda jami'ai ke tatsar talaka, bai yarda da kowa ba. A 1381 ya ɗaure ƙauyuka gida 110-110: gidaje goma masu hali suna karɓa-karɓar shugabanci, ragowar 100 a rukuni goma, su tara haraji da kansu, a sabunta rajista duk shekara goma. Soja kuwa gado ne, runduna ɗaya mutum 5,600, da gonakinta.

Jinin ya fara malala sosai a 1380, da ya kashe firaminista Hu Weiyong ya soke muƙamin ɗungurungum, ma'aikatu shida suka koma ƙarƙashinsa kai tsaye. Mutum wajen 30,000 suka tafi a wannan shari'a, ta janar Lan Yu a 1393 ta ci wajen 15,000. Wannan zalunci ne, ba a yi masa kwaskwarima.

Mai Nazarin Yaƙe-yaƙe:
Gaskiya ne, Malam. Kuma kisan janarorin ya juyo wa gidansa. Ya raba wa 'ya'yansa tsaron iyaka da rundunoni, magajinsa Zhu Biao ya rasu a 1392, gadon ya koma kan jika. Da sarkin ya rasu a 1398, jikan ya fara tuɓe baffanninsa, ɗaya daga cikinsu, Zhu Di, ya yi tawaye daga Beijing a 1399, ga gogaggun janarori sun ƙaranta a fada. A 1402 Zhu Di ya shiga Nanjing, babban birnin daular.