An sa mini ƙarfe a ƙashin gefen ƙafa: yaushe zan koma gudun fanfalaki?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙashi da ta gudu. Yau mako 3 da yi mini tiyata a ƙafar hagu. Ƙashin gefen waje, wanda ya miƙe zuwa ƙaramin yatsa, shi ne ya karye kusa da gindinsa. Likita ya ce karayar Jones ce, aka zura masa sukuru ɗaya. An cire zare, ina cikin takalmin nan mai tauri na asibiti, ina dogara sanduna biyu. Shekaruna 34, kafin wannan ina gudun kilomita 50 zuwa 60 a mako, kuma na sa rai da gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu, saura mako 14.

Zan riski gasar? Wane atisaye zan yi yanzu don kada numfashina ya zube? Sannan a gida an matsa mini a kira mai ɗori ya riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi, wai za ta fi saurin haɗewa.

Likitan ƙashi

Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba: kilomita 42 na Fabrairun nan, cire su daga lissafi. Ba wai aikin bai yi kyau ba, halin wannan ƙashin ne haka.

Gindinsa mai faɗi ne, jini na shigarsa ta ko'ina, in can ya ɓalle yakan haɗe da kansa. Amma da ka matsa gaba kamar santimita 1.5 zuwa 3, sai ka iso wani wuri da yake tsakanin hanyoyin jini biyu, na gindi ba su ƙarasa can sosai ba, wadda ke ciyar da gangar ƙashin ma haka. Nan karayarka take. Sunan na likitan Birtaniya ne, Robert Jones, wanda ya bayyana ta a 1902 bayan ta same shi a wajen rawa. Ƙashi da jini yake haɗewa, inda jini ya yi ƙaranci kuwa dole haɗuwa ta yi nawa.

Sukurun da aka sa maka ba shi ne warakar ba. Aikinsa ya matse bakunan karayar biyu, ya hana su motsi har sabon ƙashi ya tsallaka. Tarkon yana nan: saboda ƙarfen ya riƙe wurin, ciwo yakan ɗauke tun kafin ƙashi ya gama haɗewa, sai mutum ya ɗauka ya warke. A gudu, kowane taku yana sauke wa ƙafa ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki, kuma a awa ɗaya ƙafa guda tana dukan ƙasa kusan sau 5,000. In ƙashin bai haɗe ba, ƙarfen ne ke ɗaukar wannan duka shi kaɗai, kuma kamar waya ce da ake lanƙwasawa gaba da baya: wata rana sai ya lanƙwashe ko ya karye. Tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya, wani lokaci sai an ɗebo ƙashi daga wani sashe na jiki an cike gurbin.

Yadda aka saba tafiya shi ne: daga mako 2 zuwa 6 ana ƙara taka ƙafar kaɗan-kaɗan a cikin takalmin, a mako 6 a yi hoton ƙashi, in ya yi kyau a koma takalmin gudu mai taurin ƙasa, gudu kuma tsakanin mako 8 zuwa 12. Likitoci sun bambanta a kan ranakun, don haka maganar wanda ya yi maka aikin ita ce gaba da tawa. Abu biyu dai ba sa canzawa: layin karaya ya cike a hoto, kuma in an danna wurin da babban yatsa babu zafi. In hoton ya bar shakka, a yi na CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla.

Sigari da shisha, bari gaba ɗaya, nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin jini a wurin da dama jinin bai wadata ba. Don ciwo ka tsaya ga farasitamol, ibufurofen da dikulofenak kada ka sha su kullum sai likitanka ya yarda, domin ana zargin suna jinkirta haɗuwar ƙashi. Ka nemi a auna maka bitamin D, yawan ranarmu bai hana a sami masu ƙarancinsa ba.

Batun mai ɗori: a'a. Babu abin da zai ɗora, ƙashin yana daidai, ja da murzawa sai dai su girgiza abin da aka matse. Ruwan zafi yana ƙara kumburi, kuma akwai jijiyar ji da ta bi ta gefen tabon, fatar wurin takan yi dindiris bayan tiyata, sai ka ƙone ba ka sani ba.

Ka tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, in tabon ya fara ruwa ko ja da zazzaɓi, ko sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe. Na biyun da na ukun alamun gudan jini ne.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi

Sannu da jiki, Malam. Likita ya gama da ƙashi, ni zan ɗauki tambayarka ta biyu.

Numfashi ba shi ne babban abin da za ka rasa ba, yana dawowa da wuri. Sharaɓa ce za ta narke. Mako 6 a cikin takalmin nan sun isa ka ga bambanci da ido tsakanin ƙafafun biyu, idon sawu kuma ya sandare. Mai gudu da sharaɓarsa ta raunana, ƙafarsa takan karkata waje in ya gaji, wato daidai kan ƙashin da aka gyara.

Yanzu, sau 3 a rana ka cire takalmin kana zaune, ka ɗaga ƙafar sama ka sauke sau 20, ka motsa yatsu. Kada ka murɗa ta ciki da ƙarfi, kada kuma ka tura ta waje a kan roba ko bango tukuna, domin akwai jijiyar naman da ta maƙale a gindin wannan ƙashin tana jansa. In ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi biyu ta fi ƙirjinka tudu. Cinya da ƙugu ba su da laifi, ka ba su aiki: ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa kana kwance rigingine, ɗaga ta gefe, sau 15 zagaye 3.

Wani abu da ake mantawa: takalmin asibiti ya fi na ɗaya ƙafar tudu. Ka sa wa ta dama takalmi mai kaurin ƙasa, in ba haka ba bayan mako biyu za ka zo da ciwon baya. Silifas ba naka ba ne yanzu, tafiya ba takalmi ma haka.

Don zuciya da huhu, keken motsa jiki na tsaye, in likita ya ba da izini, kana danna feda da dunduniya ko tsakiyar ƙafa, giyar keken mai sauƙi, minti 20 ka haura zuwa 45, ba tashi tsaye a kai. Mafi kusa da gudu shi ne gudu cikin ruwa mai zurfi da bel ɗin iyo a ƙugu, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Sharaɗinsa tabo ya rufe ruf, babu ɓawo, babu danshi, kuma a wurin ninƙaya mai magani. Dam da kududdufi ba wurin sabon tabo ba ne, ga tsargiya kuma.

Kafin in bar mutum ya yi gudu ko na minti ɗaya, sai ya yi tafiyar sauri ta minti 30 ba ɗingishi, ya tashi a kan yatsun ƙafar ita kaɗai sau 20 zuwa 25, ya tsaya a kanta daƙiƙa 30, ya yi tsalle a kanta sau 10 ba zafi a gefen. Wanda ya faɗi ɗaya, ya dawo bayan mako guda.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, wani abu da ban faɗa ba: tun kusan wata ɗaya kafin ranar da ta karye, gefen ƙafar yana mini ciwo bayan dogon gudu. Yana da alaƙa? Sannan yaushe zan koma zaman salla a ƙasa?

Likitan ƙashi

Yana da alaƙa sosai, kuma ka gaya wa likitanka. Ma'anarsa ƙashin ya daɗe yana tsagewa a hankali saboda gajiya, ranar dai ya ƙarasa ne. Irin wannan ta fi jinkirin haɗewa, don haka ka sa ranka a mako 12, ba 8 ba. Dole kuma a nemo dalili. Juya tsohon takalminka ka duba: in gefen waje ne ya cinye, kuma cikin tafin ƙafarka mai zurfi ne, dunduniya ta karkata ciki, to nauyinka a kan wannan ƙashin yake sauka, kana buƙatar shimfiɗar cikin takalmi mai ɗan tudu ta gefen waje. A duba abincinka ma. Mai gudun kilomita 60 da ba ya ci ya ƙoshi, ƙashinsa ne ke biya. Wannan ba lokacin rage ƙiba ba ne: ƙwai, wake, kifi, nama, da nono ko kindirmo kullum.

Salla kuwa, zaman tahiya yana ɗora nauyin jiki a kan gefen ƙafar hagu, daidai inda tabon yake, sujada kuma tana lanƙwasa gaban ƙafa. Ka ci gaba a kan kujera, rangwamen mai larura sananne ne, har hoto ya nuna haɗuwa. In ka koma ƙasa, fara da darduma mai kauri. Kan sukurun yana iya damunka a wannan zaman na wasu watanni.

Mai horar da 'yan gudu

Ɗan'uwa, yi lissafin da kanka. Mako 12 daga tiyata, saura 9 ke nan daga yau. Ya rage 5 kafin gasa, su kuwa ko komawa gudun minti 30 a jere da ƙyar za su ishe ka. Shirin fanfalaki na gaskiya mako 16 ne, a kan ƙafar da ta riga ta saba. Lissafin bai fita ba.

Ranar da aka sake ka, ga yadda za ka shiga. Gudu minti 1, tafiya minti 4, sau 6. Kwana ɗaya gudu, kwana ɗaya hutu ko keke. In ka yi haka sau 3 lafiya, koma gudu minti 2 da tafiya minti 3, sannan 3 da 2, sannan 4 da 1, daga nan minti 20 a jere, sai 30. Duk a saurin da za ka iya hira. Alƙalinka shi ne safiyar washegari: tsamin nama ba komai, amma zafi a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa a kan ƙashin, tsaya cak ka koma asibiti. Irin wannan ba a daurewa.

Wurin gudu yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Gefen kwalta a gangare yake saboda ruwa, ƙafar da ke ɓangaren kwata ita ke karkata waje. Yashi mai zurfi da burji mai ramuka su ma suna murɗa ƙafa. Nemi ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. In filin wasa ne, riƙa sauya hannun zagaye. Bayan ka kai minti 30, ƙara nisa da kusan kashi 10 cikin 100 a mako, kowane mako na huɗu ka rage. Hawan tudu da gudun sauri su ne na ƙarshe, bayan aƙalla mako 6 na gudu ba ciwo, kuma ɗaya bayan ɗaya.

In kana son gasar da za ka sa a gaba, nemi ta kilomita 10. Akwai ta Okpekpe a Jihar Edo da aka saba yi a watan Mayu, sai dai hanyarta tuddai ce, saboda haka sai ka fara atisayen tudu tun Afrilu kafin ka yanke shawarar shiga.