Neman shawara: ina zan riƙa kai kare yawo a bakin ruwa a nan Zariya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Ina zaune a Samaru, gidan haya, mu uku a tsakar gida ɗaya. Bara sau biyu ana haura mana katanga, aka ɗauke janareta da batirin sola. Da aka yi wa yayana canjin wurin aiki zuwa Legas sai ya bar min karensa don gadi. Maiɗakina ba ta so ba, mai gidan ma sai da na kai masa dattijo kafin ya yarda, da sharaɗin kare ba zai taka wajen rijiya ba. To yanzu kullum yana ɗaure. Ya fara haushi tun daga sha biyun dare har asuba, ya gaigaye ƙofar kejinsa, ya tona rami a gindin katanga. Maƙwabcina ya ce zai kai ƙara wurin mai unguwa. An ce min rashin motsa jiki ne. Cikin unguwa ba ya yiwuwa, yara na jifansa, masu zuwa masallaci na tsallake kwata don su kauce mana. Ni ma an ce in riƙa tattaki saboda hawan jini, amma gwiwata ba za ta iya hawan dutsen Kufena ba, shimfiɗaɗɗen wuri nake so. Ina tunanin bakin dam na ABU, ko tafkin Bomo, ko can kogin Galma. Ƙarfe uku nake tashi aiki. Wanne ya fi?

Likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu labarin janareta amma ba ka faɗi shekarun karen ba, ko irinsa, ko nauyinsa, ko yaushe aka yi masa allurar haukan kare. A nan maganar take. Ana yin ta farko yana wata 3, sannan a maimaita duk shekara, kuma a ba ka kati. Akwai kuma allurar haɗin gwiwa da ke kare shi daga cututtuka da dama, ciki har da wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya shiga. In babu waɗannan biyun, kada ka kai shi bakin kowane ruwa. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan kusa da kai.

Ƙarfe uku kuma ka manta da shi, musamman Maris da Afrilu. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga zuwa bakwai, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa zai saɓule. Ka fita bayan sallar asuba da gari ya yi haske, ka dawo kafin takwas da rabi. Satin farko minti 20 ya isa, ka ƙara minti 10 duk sati. Karen da ya shekara a ɗaure ba shi da ƙarfin tafiyar awa biyu, komai zumuɗin da yake nunawa.

Mai tambaya:
Likita na gode. Zai kai shekara uku, rabin ɗan gida ne rabin na Turawa. Yayana ya ce an yi masa allura, mutum ne mai kula, ba na shakka. Da safe kuma ni ke kai yara makaranta.

Likitan dabbobi:
"An yi masa" ba kati ba ne. In shekara ta wuce, a sake.

Manomin rani:
Galma dai ka cire ta daga lissafi daga Nuwamba zuwa Afrilu. Abin da kake gani kamar fili ba fili ba ne, lambun mutane ne tun daga bakin ruwa: tumatur, albasa, tattasai, kabeji. 'Yar hanyar da ke tsakanin fangali taku ɗaya ce, kare na ganin ruwa a fangali zai faɗa ya rushe shi, aikin kwana biyu ya tafi. Sannan da safe ake feshi. Ruwan da ya kwanta a gefen lambu da robobin magani da aka yar, ya lasa ya fara dalalar da yawu da karkarwa, ka ce asiri aka yi masa. Wasu kuma suna ajiye guba saboda gafiya. Mu da ke fama da shanu suna faɗo mana da dare, ga tsadar taki, ga man inji, ga kwandon tumatur da ba ya mayar da kuɗinsa in kasuwa ta cika, a ce kuma a ƙaro mana karnukan 'yan boko?

Tsohon mafarauci:
Ɗana, ni ban ga abin tsoro a nan ba. Kare ba akuya ba ne da za a ja shi da igiya. Ka kai shi bayan gari wajen Bomo bayan an gama girbi, gonaki sun zama fili, ka sake shi ya yi gudu. Minti 15 na gudu ya fi masa awa guda a igiya. Dabarar ita ce ka fita da shi da yunwa, ka riƙe guntun ƙashi ko busasshen kifi a aljihu, ka yi fito ka ba shi, sau uku sau huɗu zai gane. Abin lura shi ne ƙarangiya da tsidau. Da kun dawo ka buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ka duba cikin kunne da hammata. Kuma kada ka bar shi ya cusa hanci a ramin gara ko ƙarƙashin tarin kara, nan kububuwa da kasa suke kwanciya.

Likitan dabbobi:
Baba, da girmamawa, karnukanku tun suna 'yan kwikwiyo suke bin ku daji. Wannan bai taɓa ganin saniya ba. Ranar farko zai bi garke, makiyayi ya sauke masa sanda ko karnukan ruga su taru a kansa, ko ya ciji ɗan maraƙi a ce a biya. Malam, ka nemi igiya mita 2 ta tafiya, da doguwa mita 8 zuwa 10 ta wurin da babu kowa. Ka sa masa abin ɗaurin ƙirji, ba sarƙar wuya ba, don kare mai ja yana shaƙe kansa. In kun haɗu da garke a burtali ka ja gefe mita 20, ka gajarta igiya, ka sa shi zaune har su wuce.

Ruwan sha ka ɗauko daga gida, lita ɗaya nasa shi kaɗai da ɗan kwano. Kare mai kilo 25 yana shan kusan lita ɗaya da rabi a yini. Kada ya sha inda ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, irin wannan gansakukar tana iya kashe kare. In ka ga harshe ya zazzalo sosai, yana layi, dasashi ya yi jawur, ka kai shi inuwa ka zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, ka yi asibiti. Ban da paracetamol, ban da maganin ciwon jiki na mutane.

Kaska kuwa dole zai ɗebo a inda shanu ke shan ruwa. Da hantsaki ake kama ta dab da fata a ja a miƙe. Ba kananzir, ba baƙin mai, ba wuta. Kada kuma ka haɗa masa maganin wankan shanu da ka. In bayan sati ɗaya ko biyu ya ƙi abinci, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu kamar shayi, cutar kaska ce ta shiga jini.

Ma'aikaci a jami'a:
Dam na ABU a kan kogin Kubanni yake, kuma daga nan jami'a ke ɗibar ruwan sha. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, zai yi wa gwiwarka daɗi, amma cikin harabar makaranta ne, ba wurin da za ka shigo da kare kai tsaye ba. Ka fara zuwa kai kaɗai ka tambayi jami'an tsaro. In sun yarda, ka riƙe leda ta kwashe kashinsa, kuma kada ya shiga ruwan. Da damina, Agusta musamman, ciyawa na rufe hanya, laka na riƙe takalmi. Kai ma kada ka tsoma ƙafa a tafki ko kududdufi saboda tsargiya.

Wata uwa daga Sabon Gari:
Duk kuna ta lafiyar kare, wa ya yi maganar yara? Bakin ruwan nan da yamma almajirai ne ke wanki, yara na kamun kifi. Su gudu, kare ya bi. Masu karnuka a garin nan sai an yi cizo su ce "ai ba ya cizo". A sa masa takunkumi. In kuma tsautsayi ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona ba.

Tsohon mafarauci:
Takunkumi da zafin nan? Ta ina zai yi haki? Kashe shi za ku yi.

Likitan dabbobi:
Akwai mai kama da kwando, yana buɗe baki a ciki har ya sha ruwa. Na ƙyalle mai matse baki ne bai dace da tafiya ba.

Mai tambaya:
Hajiya, wallahi nawa ba ya cizo, yarana har hawa bayansa suke yi. Sarƙar ma da ita ya saba tun a gidan yayana, ba na son in canza masa abu ya rikice. Ina ganin zan gwada Bomo ranar Asabar, wajen uku da rabi, ai yanzu hunturu ne babu rana sosai. Abin da ya rage shi ne yadda zan kai shi, masu Keke Napep biyu na tambaya duk sun ƙi.

Manomin rani:
Bomo ma akwai lambuna.

Likitan dabbobi:
Malam, ka kira yayan naka ya turo maka hoton katin?