Ma'aikatan gwamnati sun yi yawa ne, ko ba a ajiye su inda aiki yake ba?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Duk gwamnan da ya hau kukansa ɗaya ne, wai albashi ya lashe kason da ke zuwa daga Abuja. Tun da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024 kukan ya ƙaru. Amma ka shiga asibitin ƙauye, mutum ɗaya ne ke yanka kati, shi ke allura, shi ke ba da magani. Masana harkar, don Allah ku fayyace mana: rage ma'aikata zai sa gwamnati ta fi aiki? Kuma ta yaya ake gane sun yi yawa?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a ce sun yi yawa sai an san su nawa ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Kowace ma'aikata tana da takardu uku: gurabun da kasafin kuɗi ya amince da su, jerin sunayen ma'aikata da ke sashen mulki, da baucar albashi da ke sashen kuɗi. Ya kamata ukun su zo daidai. Ma'aikacin bogi yana zaune ne a tazarar da ke tsakanin ta biyu da ta uku. Wani ya rasu, ko ya yi ritaya, ko ya bar aiki, sashen mulki bai aika takardar tsayar da albashi ba, ko ya aika an danne ta, sai a sauya lambar asusun kawai kuɗi ya ci gaba da fita.

Hanyar kama su ba ta da wuya. A ɗauko baucar albashi a haɗa kowane asusu da BVN ɗinsa (lambar tantance mai asusun banki), a ware duk BVN da ke karɓar albashi fiye da ɗaya. Da irin wannan ne Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar a Fabrairun 2016 cewa ta cire sunaye 23,846, abin da ya rage naira biliyan 2.29 a wata. Daga nan a duba ranar haihuwa da ranar kama aiki. Ƙa'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, in ban da masu dokarsu daban irin alƙalai da malaman jami'a. Wanda fayil ɗinsa ya nuna ya kama aiki yana ɗan shekara 12, ka san an taɓa takarda.

Inda ake yin kuskure shi ne tantancewar sakatariya. A tara mutane rana ɗaya a ɗauki hoton yatsa, wanda ke kasuwancinsa a wani gari ya zo ya dangwala ya koma. An tabbatar yana raye, ba a tabbatar yana aiki ba. Sai an bi mutum wurin aikinsa ba sanarwa, an duba rajistar zuwa aiki, shugaban wurin ya sa hannu cewa ya san shi, kuma hukunci ya hau kansa in ƙarya ce. Kuma a buɗe teburin ƙorafi tun ranar farko, domin kullum akwai ma'aikacin gaskiya da ake tsayar wa albashi saboda banki ya rubuta Muhammad, fayil ya ce Mohammed.

Hajiya 'Yar Zazzau:
Mai Lissafi ya gama da na bogi. Ni kuma ina ganin ko an share su tas, matsalar tana nan, domin rabon ne bai yi ba. Sakatariyar ƙaramar hukuma cike take da akawuna da ba su da ko teburi, firamaren da ke nesa da titi kuwa malami biyu ne a aji shida. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Idan ka raba yaran jiha da malamanta lissafin zai iya yin kyau a takarda, alhali an cunkushe malaman a cikin gari domin kowa ya nemi canjin wurin aiki ta hannun wani babba. Don haka makaranta-makaranta ake lissafin, asibiti-asibiti.

Dubi Kaduna a 2017. Malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu aka sallame su, gwamnati kuma ta ce za ta ɗauki 25,000. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi korar, adadin da aka nema ya fi wanda aka sallama. Ashe ba yawa ne ciwon ba.

Abin da ya fi ɓata aiki a wurina shi ne dakatar da ɗaukar ma'aikata na shekaru. Na ciki suna ta hawa mataki, ƙasa tana zama fayau. Bayan shekara goma sai ka ga sashe da mataimakan darakta biyar, ba jami'i ɗaya a mataki na 8 da zai rubuta takarda. Albashi ya ƙaru, masu aikin sun ragu. Ungozoma da malamin gona in sun yi ritaya ba a maye gurbinsu, sai a cike da 'yan wucin gadi da ba su da horo.

Baban Khalifa:
Hajiya, gaskiya ne, amma kada mu wanke gwamnati gaba ɗaya. Akwai kitse, sai dai a yawan hukumomi yake. Kwamitin Oronsaye da aka kafa a 2011 ya miƙa rahoto a 2012, ya ƙirga hukumomin tarayya 541. Daga cikin 263 da doka ta kafa ya ce a mayar da su 161: a soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 sassa a cikin ma'aikatu. Kowace hukuma tana da shugaba, da 'yan kwamitin gudanarwa masu alawus ɗin zama, da motoci, da hayar ofis, da nata sashen kuɗi da na mulki. A nan kuɗin ke tafiya, ba a albashin masinja ba.

Me ya hana aiwatarwa? Hukumar da doka ta kafa ba ta mutuwa da sanarwa, sai Majalisa ta soke dokar ko ta gyara ta, ita kuwa Majalisar sababbi take ta ƙirƙirowa. An fitar da farar takarda, wato matsayar gwamnati kan rahoton, a 2014, Majalisar Zartarwa ta sake amincewa da aiwatarwa a Fabrairun 2024. Shekara 12 ke nan tsakanin rahoto da wannan amincewar.

Kora ta gaggawa kuma mun ga ƙarshenta. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, da yawa ba tare da an ji ta bakinsu ba. Masana da dama na danganta lalacewar aikin gwamnati da wannan, domin ma'aikaci ya daina yarda cewa aikin zai riƙe shi har tsufa, sai ya fara tara na gobe ta kowace hanya. Ga kuma garatuti da kuɗin sallama, waɗanda a shekarar farko kan zarce albashin da aka ce an rage. Jihar da ba ta ware kuɗin ba tukuna, bashi kawai ta sauya wa suna.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Mai Lissafi, to ba don maganin ma'aikatan bogi aka kawo IPPIS, tsarin biyan albashi ta kwamfuta, ba?

Mai Lissafi:
Don shi ne, tun 2007, kuma ya taimaka tunda kuɗi na tafiya asusun ma'aikaci kai-tsaye. Amma kwamfuta abin da aka shigar mata take biya. Idan mai shigar da suna da mai amincewa da shi bakinsu ɗaya, na bogi zai shiga da takardar ɗaukar aiki ta jabu. Dole a raba ayyukan uku: mai shigarwa daban, mai amincewa daban, mai binciken kuɗi kuma ya riƙa karɓar jerin duk sunan da aka ƙara ko aka sauya wa asusu kowane wata, kafin a biya. Ka kuma tuna IPPIS na tarayya ne. Malamin firamare da ma'aikacin asibitin ƙauyen da ka ambata suna ƙarƙashin jiha da ƙaramar hukuma, a can ne za a nemi takardun nan uku a ɗora su kan teburi ɗaya.