Wa ya kamata ya riƙa ba Inna magani idan ba na gida?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Innata tana ƙauyenmu can bayan Ringim, ta haura shekara 70, ga hawan jini, ga ciwon sukari, ido kuma ya yi rauni. Ni ina Kantin Kwari, sai Juma'a da yamma nake leƙa gida. Likita ya ɗora ta a kan amlodipine na hawan jini, da metformin da glibenclamide na sukari, sai na ɗigawa a ido. 'Yar yayana ce ke ba ta, yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, kuma da kalar kwali take gane su.

Makon jiya Inna ta tashi ba ta son abinci, ko koko ta ƙi sha. Yarinyar ta ba ta na sukarin kamar kullum, tunda haka aka ce ta yi. Kafin azahar sai zufa ta karyo mata, jiki na rawa, magana ba kan gado. Matan gida suka ce iska ce, har an aika kiran malam. Allah Ya sa maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya yana nan. Da ya gwada ya ce sukari ne ya faɗi, aka jiƙa sukari a ruwa aka ba ta. Wallahi ban ga laifin yarinyar ba, ni na ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Na ji ana cewa a ƙasashen waje akwai masu aikin ba tsofaffi magani kaɗai. Gaskiya ne? Mu kuma a ƙauye wa zai tsaya a wannan gurbin?

Malamin Asibiti:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Glibenclamide ne ya yi wannan aikin, shi ko an ci ko ba a ci ba sai ya saukar da sukari, kuma a jikin tsoho yana daɗewa. Ka mayar da ita wurin likitanta a makon nan, ka ba shi labarin yadda ka ba mu, shi zai ga ko a rage ko a canza. Kada ku canza da kanku. Ka sayi na'urar gwajin sukari: in ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a wasu na'urorin, ya faɗi. In tana iya haɗiya a ba ta ruwan sukari, in ta suma kada a ɗura mata komai, a nufi asibiti. Kuma ka hana a sayo mata diclofenac a kemis don ciwon gwiwa, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga jini.

Maman Hanifa:
Gaskiya ne ɗan uwa, ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki a Amurka. A jihohi da yawa, mai taimakon nas ce ke ƙaro horo, ta ci jarrabawa, sannan a ba ta izinin raba magani. Tana ba da ƙwaya da na shafawa da na ɗigawa, amma ba ta rubuta magani, ba ta ƙara ko rage shi, allura kuma galibi ta nas ce. Kafin ta miƙa sai ta duba abu 5: mutumin ne, maganin ne, adadin ne, lokacin ne, ta hanyar da aka ce ne. Ta bayar, ta sa hannu a takarda. In tsoho ya ƙi abinci, ba ta yanke hukunci, nas take kira. Abin da 'yarka ta rasa ke nan ranar, babu wanda za ta tambaya.

Gwaggon Yara:
Ɗana, shekara 6 na yi ina jinyar surukata a Gaya. Kada ka cire yarinyar nan, tsoho ba ya karɓar magani a hannun baƙo, za ta ce guba ce ko ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma. A dai koya mata. Mu da salla muka ɗaure lokutan, na bayan asuba da na bayan magariba. Kuma tun kafin watan azumi ya kama ku tambayi likita, don na san Inna ba za ta yarda ta sha azumi da sauƙi ba.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da maƙwabcin namu, a Jahun ya yi karatun lafiya. Ya yarda duk Asabar mu zauna tare ya jera maganin mako a akwati mai gida bakwai, ni kuma in riƙa ba shi wani abu a wata. Na sayi littafi mai layi, yarinyar za ta riƙa rubuta abin da Inna ta ci da abin da ta sha. Na bar mata ƙaramar waya da kati, na ce duk ranar da Inna ta ƙi abinci, kafin ta taɓa akwatin ta kira maƙwabcin. Ranar Talata in sha Allahu zan kai Inna Dutse wurin likitanta.