Ruwan randa ba ya barci: abin da malamai suka ce a koyar

Mun zauna bayan la'asar, malaman fiziks na sakandare kaɗan a nan Katsina, kan yadda za a fahimtar da ɗalibai cewa ruwan randa, ko ya kwana ba a taɓa shi ba, samansa na ta rawa. Ƙwayoyin ruwa ba sa tsayawa muddin akwai ɗumi a jikinsu, su ke tura saman sama da ƙasa, ɗaurin saman kuma, wato jan juna da ƙwayoyin saman ruwa ke yi har ya zama kamar fata a miƙe, yana mayar da shi daidai.

Shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da allura. A kwantar da ita a hankali kan ruwa cikin kwano ta yi iyo, sannan a ɗiga ruwan sabulu, nan take ta nutse. Yaro ya ga ɗaurin da idonsa. Daga nan a ce masa idan ɗaurin ya yi rauni, ko zafi ya ƙaru, rawar na ƙara girma.

Wata malama ta ja kunne, kuma ina bayanta: kada a nuna igiyar da iska ko girgizar tebur ta tayar a ce ita ce wannan rawar. Ta gaskiyar tsayinta kusan sulusin nanomita ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali kaurin gashi ɗaya ya kai nanomita dubbai goma-goma. Ido ba zai gan ta ba, sai da hasken leza ko eksire.

An kuma ce a ba su tarihi kaɗan: masanin fiziks Smoluchowski ya hango wannan rawar a 1908, wani masanin, Mandelstam, ya yi lissafinta a 1913.