Wai ƙofar da aka ɗaure da sarƙa ce "ƙaramin haɗari"?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. A kamfanin ɗinkin da nake aiki, mu kusan tamanin ne a saman bene. Ƙofar baya da aka ce ta gudun gobara ce, wata huɗu ke nan tana ɗaure da sarƙa da kwado, ga dilolin yadi an jibge a gabanta sun kai min ƙirji. Na rubuta wa hukumar da ke duba wuraren aiki. Sai bayan mako biyar aka turo min amsa, wai an sa ƙorafina a rukunin "ƙaramin haɗari", za a zo in an samu sarari. Ni a ganina wannan rabe-raben dabara ce ta jefa takardar talaka a kwandon shara. Wanda ya riga kai ƙara shi ya kamata a fara dubawa, shi ke nan.

Tsohon Sufeto: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi haƙuri, amma bin layi ba zai yiwu ba. Duk shekarun da na yi a aikin nan, ƙorafi ya fi ƙarfin ma'aikata. In takardar wanda fankar ofishinsu ta lalace ta riga ta wanda tukunyar gas ke yoyo kusa da janareta, wajen wa za a fara zuwa? Abu biyu ake aunawa, yiwuwar abin ya faru da girman ɓarnar in ya faru. Sai a duba yawan mutanen da ke wurin, da ko mai wurin ya saba karya doka. A Amurka ma OSHA, hukumar da ke duba wuraren aiki a can, haka take yi. Inda rai ke gab da salwanta shi ne farko, sai inda aka riga aka mutu ko aka ji mummunan rauni, sannan ƙorafin ma'aikata.

Ɗan Ƙungiya: Ƙarami? Baba, rayuka tamanin ne ƙarami? A 1911 gobara ta tashi a kamfanin ɗinki na Triangle a birnin New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. Ƙofa a kulle take, wasu ta taga suka yi ta faɗowa. Wannan ne ƙarami?

Tsohon Sufeto: Ɗana, ni ban ce ƙarami ba ne. Takarda ce ta ce.

Ɗan Ƙungiya: Amma abokan aikinka ne suka rubuta, kai kuma ka zo kana wanke su.

Malama Mai Alli: Ni dai kalmar ce ta dame ni. Ba a ce wa mai tsoron ransa damuwarsa ƙarama ce. Da sun ce "ba na gaggawa ba" da sauƙi.

Injiniya: Malama, ai wannan ya fi muni. Ƙofar gobara a kulle ita ce gaggawar kanta. Ƙarami a bakin masu aikin ma'auni ne kurum, kamar yadda likita a sashen gaggawa ke fara duba mai zubar jini kafin mai ciwon kai. Babu raini a ciki.

Malama Mai Alli: To a ma'aunin wa? Wanda ke zaune a ofis ko wadda ke zaune a bayan keken ɗinki?

Ɗan Ƙungiya: Ki tambaye su dai. Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga tsaga a ginin Rana Plaza a Bangaladesh. Bankin da ke ƙasa ya sallami ma'aikatansa, masu ɗinki kuwa aka ce su dawo washegari. Ginin ya rufta, sama da mutum 1,100 suka tafi. Mazauna benen Grenfell a Landan sun yi ta kuka kan gobara kafin ta ci mutum 72 a 2017. Kullum kukan talaka ƙarami ne sai an fara ƙirga gawa.

Injiniya: Misalan nan naka ai ni suke goya wa baya. Ba a auna daidai ba ne. Da bin layi ake yi, da sai a tarar da takardarsu a lamba ta ɗari biyar.

Auta: Gaskiya duk sufeto ɗan na-goro ne. Mai kamfani ya miƙa ambulan, babba ya koma ƙarami.

Tsohon Sufeto: Yaro, ka iya bakinka. Na yi ritaya ban ci sisin kowa ba, Allah ne shaidata.

Hajiya Babba: Auta, ka janye. Sa'an mahaifinka ne. Wannan wace irin tarbiyya ce?

Auta: Hajiya, ban kama suna ba.

Hajiya Babba: Ka ce "duk". Duk kuwa ta haɗa da shi.

Ɗan Ƙungiya: Hajiya, makon jiya da Injiniya ya kira 'yan ƙungiyar ƙwadago 'yan tada zaune tsaye, ban ji kin ce ya janye ba.

Injiniya: Ka kawo inda na faɗa.

Tsohon Sufeto: 'Yata Uwar Biyu, ki bar su. Me kika rubuta a takardar? In cewa kika yi "ƙofar baya ba ta buɗuwa", mai karantawa zai ɗauka gyaran kafinta ne. Ki sake rubutawa. Ki ce ƙofar gudun gobara ce, ki ambaci sarƙar da kwadon, ki faɗi yawanku da cewa a sama kuke, ki ce yadi ne a jibge, ki haɗa da hoto mai kwanan wata. Ki kuma roƙi a sakaya sunanki.

Uwar Biyu: Baba, kusan haka na rubuta, ban dai faɗi yawanmu ba. Amma ni ce zan koya musu aikinsu? Ba su iya kira su tambaya ba?

Malama Mai Alli: Ai da ba su ce ƙarami ba da duk ba a kai nan ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. Kusan kowa ya gamsu cewa fifita ƙorafi bisa girman haɗari shi ne daidai, kamar yadda Baba Sufeto da Injiniya suka yi bayani da hujja. An gano kuskuren daga rubutun ƙorafin yake. Ɗan Ƙungiya ya kawo labarai na tada hankali da ba su shafi maganar ba. Auta zai nemi afuwar Baba kafin gobe da azahar, in ba haka ba a cire shi. An rufe sharhi.