Abin da aka tsayar kan tallan adireshin intanet ta imel

A zaman da matasa masu harkar intanet suka yi a Damagaram, an fi daɗewa a kan zaɓen wanda za a rubuta wa imel don sayar masa da adireshin intanet, wato sunan shafi irin mai ƙarewa da .com. Mafi yawansu sun yarda cewa gara a nemo kamfanoni goma da sunan adireshin ya dace da sana'arsu, kamar otal ko kamfanin sufuri ko masu fitar da fata, da a watsa saƙo ɗaya ga mutum dubu, domin Gmail kan jefa irin wannan cikin kwandon shara. A yi sallama, a ambaci sunan mai kamfanin, a faɗi adireshin da amfaninsa cikin jimla uku ko huɗu, da Faransanci idan ofishi ne. Idan shiru, a tuna masa sau ɗaya bayan mako guda.

An yi gardama kan farashi, amma ni ina ganin faɗinsa da sefa tun farko ya fi, tunda ɗan kasuwa a nan yakan gama ciniki ne ta waya ko WhatsApp.

Gargaɗin da ya fi damuna shi ne na rajistar sunan da wani ya riga ya mallaka a matsayin tambarin kasuwanci don a sayar masa, domin dokar 1999 ta ICANN, hukumar da ke kula da adireshin intanet, ta ba mai tambarin damar ƙwace adireshin. Kuma sabon adireshin .com ba ya ƙaura zuwa wani kamfanin rajista sai bayan kwana 60, saboda haka a sanar da mai saye kafin ya biya.